CrowdStrike ko Palo Alto, wanne zan riƙe na tsawon lokaci?

Ɗan Kasuwa:
Salam 'yan uwa. Ina da 'yan daloli ina son in zuba a hannun jarin kamfanonin tsaron intanet na Amurka irin su CrowdStrike da Palo Alto in bar su kamar shekara goma, amma kaina ya ɗaure, wanne zai ɗore?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ni CrowdStrike nake tsoro tun abin da ya faru 19 ga Yuli 2024, sabuntawar manhajarsu ɗaya tak ta kashe kwamfutoci masu Windows wajen miliyan 8.5, jirage suka tsaya bankuna suka rikice, wallahi ba ƙaramin abu ba ne.

Maman Haidar:
Injiniya ai hannun jarin ya farfaɗo daga baya, don kamfani in ya riga ya ɗora tsaronsa a kan manhaja ɗaya canzawa akwai wahala. Microsoft ne abin dubawa, yana haɗa Defender, manhajarsa ta tsaro, cikin kunshin da ofisoshi ke biya dama.

Baffa:
Yaro manyan kamfanoni cinye ƙananan suke, Cisco ya sayi Splunk dala biliyan 28, Google ya sa biliyan 32 a kan Wiz. Kar ka zuba duka wuri ɗaya, kuma ka tambayi malami kan halaccinsa tukuna.