Dan Allah a taimaka, Tipp-Ex (farin ruwan nan na goge rubutu) ya zube min a kan fasfo da mayafi

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Jiya na je banki sabunta bayanan asusuna na tafi da fasfo ɗina tunda shi na saba nunawa ko'ina, na dawo na aje jaka a falo ashe yarinyata ta cusa kwalbar Tipp-Ex ɗinta ciki bata murɗe murfin ba, wallahi ina buɗewa na tarar ya malale kan koren bangon ya ɗan leƙa gefen shafin hoto, mayafina ma ya samu rabonsa. Ga shi Umra muke shiri. Da me zan goge?

Baban Sadiq mai wanki da guga:
Wa'alaikumussalam hajiya. Mayafin mai sauƙi ne, tunda ya bushe ki kankare shi a hankali da bayan cokali, ki juya yadin ta ciki ki shimfiɗa tsumma a ƙasa sai ki riƙa dangwala masa sifirit da auduga, kar ki murza don yaɗuwa zai yi. Ki fara gwadawa a bakin mayafin ko zai zuba. Kuma kar dutsen guga ya hau kai sai tabon ya fita gaba ɗaya, in ya ji zafi ya zauna kenan.

Ummu Hanan:
Ni kananzir nake sawa ko abin goge farce, shaf yake fita

Yaya Auwal:
Anti Ummu a kan kaya dai ko? Fasfo kam ahir. Sabon da aka fara bayarwa tun 2019 shafin hotonsa roba ne mai tauri, abin goge farce kuwa yana cin roba ya bar ta da hazo. Hajiya ki duba layuka biyun nan na ƙasan hoto masu kibiyoyi, su na'ura ke karantawa a filin jirgi. In bai taɓa su ba, bai taɓa hoto ko suna ba, bar shi ya bushe sosai ki ɗaye na bangon da farce. In ya taɓa kar ki kankare komai, jami'i zai iya ɗauka canja wani abu aka yi, ki kai shi ofishin shige da fice yadda yake su gani. Ki kuma leƙa ranar ƙarewa, Saudiyya sai da sauran wata 6.

Hajiya Iya:
'Yar nan ke ma da gangancinki, littafin da yanzu mai shafi 32 naira dubu 100 ne, na shekara 10 dubu 200, shi kike yawo da shi banki? Takardar NIN ko katin zaɓe duk suna karɓa. Nawa yana cikin leda a ƙasan akwati, sai tafiya yake ganin rana.

Maman Ilham:
Na gode Allah ya bar zumunci. Yaya Auwal na duba, bai kai layukan ba, farin ya tsaya ne can sama kusa da ɗinki. Iya na ji faɗa, gobe zan nemo takardar NIN ɗin, ina jin tana wajen baban su.