An cire "na nawa ya zo" daga katin sakamakon ɗana, ina neman shawara

Uwar yara, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana aji biyar na firamare a wata makarantar kuɗi. Jiya aka ba su katin sakamako, sai na ga an sauya shi gaba ɗaya. Da can C.A. (gwaje-gwajen cikin zango da aikin gida) maki 40, jarrabawa 60, a haɗa, a rubuta na nawa ya zo. Zangon da ya wuce ya ci 68 a lissafi, ya zo na shida, har babansa ya saya masa ƙwallo. Yanzu ba jimilla, ba matsayi. An rarraba lissafin gida-gida: tarawa "ya iya", ninkawa "yana kan hanya", debewa "yana buƙatar taimako". Babansa ya juya takardar gaba da baya, da bai ga matsayi ba ya ce makarantar ce ke ɓoye gazawarta, a cire yaron. Ni kuwa debewar nan ce ta hana ni barci. Yaron da ya ci 68, ta yaya za a ce bai iya debewa ba? Mu cire shi ko mu bar shi?

Malamin lissafi, Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ku yi gaggawa. A cikin 68 ɗin nan akwai makin aikin gida, wanda sau da yawa yayye ne ke yi wa ƙanne. Yaro kuma yana iya kwashe maki a tarawa da siffofi, su rufe ramin da ke wani wuri. Matsayi kuwa 'yan ajinsa kawai yake auna shi da su. Idan ajin duka ya yi rauni, na shida ma mai rauni ne.

Yau da daddare ki rubuta masa 503, a ƙasa 278, ki ce ya debe. Kada ki taimaka, ki dai zuba wa hannunsa ido. Amsar 225 ce. Idan ya kawo 375, to bai gane aro ba: a kowane layi ƙaramar lamba yake cirewa daga babba, ko tana sama ko tana ƙasa. Ina samun irinsu kowace shekara a ƙaramar sakandare, kuma abin yana ba ni tausayi, domin doguwar rabawa a kan debewa take tsaye. Yaro ya yi shekaru ana cewa ba ya ƙoƙari, alhali abu ɗaya ne ya wuce shi tun aji uku na firamare.

Wani uba, Sabon Gari:
Malam, ban ƙi taka ba, amma maigidan Hajiya ma yana da gaskiyarsa. WAEC da NECO ba su san "yana kan hanya" ba, daga A1 zuwa F9 suke rubutawa. Mai son injiniya ko likitanci a ABU, idan bai samu aƙalla C6 a lissafi ba, sai dai ya sake zama. Kafin nan ma akwai jarrabawar BECE a aji uku na ƙaramar sakandare. Mu da muke biyan kuɗin makaranta haƙƙinmu ne mu ga maki. Hajiya, ki ce su riƙa rubuta makin a gefen bayanin. Matsayin kam ko sun riƙe ba komai.

Tsohuwar hedimistires, Gyallesu:
'Yata, shi kansa C.A. ɗin da kuka saba da shi baƙo ne a da. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ce ta kawo shi, ya bazu tare da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a). Nufin shi ne malami ya riƙa bibiyar yaro tsawon zango, kada jarrabawar rana ɗaya ta yanke masa hukunci. Daga baya aka mayar da shi gwaji biyu da aikin gida. Ki je wurin malaminsa, ki roƙi ya nuna miki takardar jarrabawar da littafin aikin aji. Ki tambaye shi me ya gani har ya rubuta haka, kuma me zai yi a kai zango mai zuwa. Idan yana da amsa, ku bar yaron. Idan kame-kame ya yi, sannan a yi maganar canji. Kuma don Allah ban da bulala.

Uwar yara, Tudun Wada:
Allah Ya saka muku da alheri. Malam, bayan isha'i na ba shi. Ko minti ɗaya bai yi ba ya rubuta 375, yana murmushi. Jikina ya yi sanyi. Sai na ce, in na ba ka naira 500 ka sayo kayan miya na 280, canjin nawa za ka kawo mini? Nan take ya ce 220. Na kira babansa ya zo ya gani da idonsa. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce ranar Litinin tare za mu je wurin malamin, shi zai yi maganar makin. Mama, zan nemi ganin littafin aikin kamar yadda kika ce.