Me ya sa gubar dalma ta fi kama yara alhali manya ne ke aikin zinare?

Uwar Tagwaye:

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga waɗanda suka san harkar lafiya ko harkar haƙar ma'adinai. Ƙanin maigidana ya shiga aikin zinare a bana, kuma tun bayan girbi ya fara shigo da buhunan dutse gida, yana farfasawa a bayan ɗakinsa, wani lokaci ya baza garin a tsakar gida kafin ya kai shi wurin wanki. Da na tuna masa abin da ya faru a Zamfara, inda gubar dalma da ke cikin dutsen zinare ta kashe yara, sai ya ce shi da abokan aikinsa ne ke wuni cikin ƙurar, kuma ga su nan garau, saboda haka babu abin da zai sami yaran da ke wasa a gefe. Na rasa amsar da zan ba shi, ga shi tagwayena ba su cika shekara biyu ba, kome suka tsinta sai baki. Shin maganarsa tana da tushe?

Malamin Asibiti:

Wa alaikumus salam, Malama. Maganar ƙanin mijinki ba ta da tushe, domin jikin yaro da na babba ba su karɓar dalma iri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa idan sun haɗiye adadi guda, kuma yaron da ke fama da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki ya fi kowa tsotsa, saboda hanjinsa yana karɓar dalmar a madadin sinadaran ƙarfe da na ƙashi da jikin ke nema. Ki haɗa wannan da yadda mai rarrafe yake rayuwa a ƙasa, hannu a turɓaya sannan a baki, ga ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba.

Idan gubar ta yi yawa, ana ganin amai, ciwon ciki, kasala, sannan jijjiga da suma, abin da ya sa ake yawan ɗaukarta zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau. Amma wadda ta fi damuna ita ce 'yar kaɗan ɗin da ba ta kwantar da yaro, sai dai ta rage masa kaifin fahimta a hankali, har a zo ana kiransa daƙiƙi a makaranta ba a san mafarin abin ba. Babu wani adadi na dalma a jini da aka tabbatar ba ya cutarwa. Da zarar awo ya nuna maikrogiram 5 a kowace desilita ta jini (ma'aunin yawan dalma a jini ke nan), ana son a nemo inda take shigowa a toshe, yayin da maganin da ke fitar da ita ta fitsari galibi sai ta kai 45 ake fara bayarwa. Shi ma ƙanin naki bai tsira ba, domin ga babba tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda, kuma tana ɓuya a ƙashi shekaru da yawa. Ga mace kuwa, takan fito daga ƙashin ta shiga jini lokacin goyon ciki, ta isa ga jaririn.

Dattijon Anka:

'Yata, ni daga yankin da abin ya faru nake, saboda haka bari in ƙara a kan bayanin malam. A farkon 2010, kafin hankalin kowa ya kai kan yara, agwagi ne suka fara ƙarewa a ƙauyuka, ba wanda ya ɗauki hakan a bakin komai. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na Gari Na Kowa, wato MSF, su ne suka lura yara suna mutuwa da jijjiga kuma maganin zazzaɓi ba ya yi musu aiki, sai da aka auna jini aka gane dalma ce. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara aƙalla 400 suka rasu. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, binciken da aka yi gida-gida ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara biyar ba sun rasu cikin shekara guda.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, dalmar nan tana cikin duwatsunmu tun kaka da kakanni, ba ta kashe kowa ba sai da farashin zinare ya tashi aka mayar da gidaje wurin aiki. Ana niƙa dutse da injin niƙan hatsi, mata suna dakawa a turmi a cikin gida da goyo a baya, ana shanya garin inda yara ke wasa, ana wankewa a bakin rijiya da kududdufi. Da aka zo magani kuma, likitoci suka ce ba amfanin fitar da gubar daga jinin yaro a mayar da shi gidan da ya gurɓata shi, don haka sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar sama, a kwashe a binne a rami na musamman, a zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi sauran ƙauyukan girma, ta jira har 2013 kafin kuɗin aikin su fito, yaranta suna zaune a kan gubar duk tsawon lokacin. Kuma ba mu kaɗai ba ne, a 2015 irin haka ta auku a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Mai Neman Halak:

Na yarda da duk abin da aka faɗa, sai dai ina roƙon kada a mayar da mahaƙa abin zargi, domin mutumin da noman damina ba ya kai shi ƙarshen rani ba zai bar zinare saboda wa'azi ba, kuma idan aka matsa masa ɓoyewa zai yi, wanda ya fi muni. Shekarata bakwai a wannan sana'a, kuma abin da na ga yana aiki shi ne a roƙi mutum ya raba aikin da gida. Dutse ya tsaya a daji nesa da rijiya, a jiƙa shi kafin niƙa don ƙura ta kwanta, a yi wanka a can, a bar tufafin aiki da takalma a can. Ba kowane rami ne ke da dalma ba, amma ido ba ya tantancewa, saboda haka duk buhun da ya fito daga rami a ɗauke shi mai guba ne. Hajiya, ki bi ta hannun maigidanki, domin ƙani ya fi jin maganar wansa a irin wannan.

Malamin Asibiti:

Shawarar nan daidai take. Zan ƙara cewa kada a share wurin da tsintsiya a bushe, domin tayar da ƙurar za a yi. A yayyafa ruwa, a kankare ƙasar da aka yi shanya a kanta a fitar da ita daga gida, kuma duk turmi ko kwanon da ya taɓa dutsen ya bar harkar abinci. Idan ana sa wa tagwayen kwallin dutse a ido, a dakatar, domin yawancinsa daga ma'adinin dalma ake samo shi.

Uwar Tagwaye:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigidana bayanin Baba na Anka, kuma ya ce zai zauna da ƙanin nasa yau bayan sallar isha'i. Kwallin ne ban taɓa kawowa a raina ba, domin kakarsu ce ke sa musu kowace safiya, kuma ita ce zan fi shan wahalar shawo kanta. Saura in tambayi malam: idan na kai su babban asibiti, da wane suna zan nemi wannan awon jinin?