Gaurayen ƙarafa masu wuyar narkewa daga gasasshen gishiri: abin da muka gani a ɗakunan gwaji

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka taɓa haɗa gaurayen ƙarafa masu jure zafi ta hanyar gasa gishirinsu da su faɗa mana abin da suka gani da idonsu. Dalilin bin wannan hanya sananne ne: reniyom ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,180 a ma'aunin Selshiyas, osmiyom sai ya wuce 3,030, iridiyom kuwa sai ya kusa 2,450, kuma ba kowane ɗakin gwaji ne ke da tanderun da zai kai nan ba. Amma idan ƙarafan biyu suna zaune tun farko cikin kiristal guda, wannan kewaye da amoniya, wancan kewaye da kulorin ko iskar oksijin, to zafin da bai kai digiri 800 ba ya isa ya kori abin da ke kewaye da su, ya bar garin ƙarfe. Ni da iridiyom da reniyom nake aiki, kuma hoton eksire na garin, wanda layukansa ke bayyana yadda ƙwayoyin zarra suka jeru, yana nuna mini tsari biyu maimakon ɗaya.

Wani malamin kimiyyar sinadarai: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ka zargi tanderu, ka duba rabon ƙarafan. Ƙwayoyin zarrar iridiyom suna jeruwa ne a tsarin kubu, na reniyom kuma a tsari mai kusurwa shida, don haka akwai wani rabo a tsakiya da su biyun ba sa yarda su zauna a tsari ɗaya. Abin da na sha gani shi ne, idan aka gasa a zafi mai sauƙi aka sauke da wuri, ana iya samun tsari ɗaya ko a wannan rabon, domin ƙwayoyin ba su sami damar ƙaura ba. Da zarar an ƙara zafi aka bar shi ya daɗe, sai layukan hoton su rabu biyu. A ganina wannan ne babban alherin hanyar, kuma shi ne abin da ake yawan ɓarnatarwa saboda son ganin layuka masu kaifi.

Wata ɗalibar digiri na uku: Ni iskar da ake gasawa a cikinta ce ta fi koya mini darasi. Da agon kaɗai, wato iskar da ba ta haɗuwa da sauran sinadarai, gishirin da ke da reniyom bai ba ni ƙarfe tsantsa ba, kuma nauyin da ya rage bai yi daidai da lissafi ba, domin idan reniyom ya haɗu da oksijin ɗin da ke cikin gishirin yakan zama sinadarin Re2O7, wanda ke tashi ya bi iska. Da haidurojin nauyin ya daidaita. Sai dai a lura da farin garin NH4Cl (gishirin amoniya da kulorin) da ke taruwa a ƙarshen bututu inda babu zafi, wanda yakan toshe hanyar iska, kuma toshewa da haidurojin a ciki ba abin wasa ba ne. Ina ɗaga zafi a hankali, ina kuma auna yadda nauyi ke raguwa a ɗan ƙaramin samfur kafin in taɓa babban.

Wani ma'aikacin ɗakin gwaji: Malama ta faɗi gaskiya, kuma zan ƙara da abu biyu. Garin da ya huce cikin haidurojin yana da laushi ƙwarai, yana kuma riƙe da iskar a jikinsa, har na taɓa ganin ya yi ja da kansa lokacin da aka buɗe bututu. Tun daga nan sai an wanke bututun da agon har ya huce sarai muke buɗewa. Na biyu, duk mai aiki da osmiyom ya sani cewa garinsa yana haifar da OsO4 (haɗin osmiyom da oksijin) a cikin iska, guba ce mai tashi da ke lahanta ido da huhu.

Wata mai bincike: Malam mai tambaya, ina ganin matsalar tana iya farawa tun kafin a kunna tanderu. Wannan nau'in gishiri tsoho ne, tun koren gishirin filatinom da masanin kimiyya ɗan Jamus Magnus ya haɗa a 1828, kuma masanan cibiyar Nikolayev da ke Nobosibirsk a Rasha sun yi aiki mai yawa a kansa. Gishirai irin (NH4)2[IrCl6] na iridiyom da (NH4)2[OsCl6] na osmiyom suna da tsarin kiristal iri ɗaya, shi ya sa suke cuɗanya su fito tare, kuma ta irin wannan cuɗanya ce aka samu gaurayen iridiyom, osmiyom, reniyom, rodiyom da ruteniyom a tsari ɗaya mai kusurwa shida a 2017. Amma abin da na gani a aikina shi ne ba dukkansu ke narkewa a ruwa daidai ba, saboda haka rabon da ka zuba a kwalba ba lallai shi ne ya shiga kiristal ba, kuma idan kiristal ya fito sannu a hankali, cikinsa yakan bambanta da bayansa. Ina haɗa ruwan da sauri, ina ɗaukar hoton eksire na gishirin kansa, sannan in auna rabon ƙarafan kafin gashi da bayansa. Ka turo mana hoton gishirinka da ba a gasa ba, tare da zafin da ka tsaya a kai da tsawon lokacin da ka riƙe shi.