Kachala ce ta cinye mana kifi a Nguru ko ruwan ne ya canza hali?

Dan_Marma:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin ruwa da kifi a taimaka min da amsa. Ni ɗan gidan masunta ne a yankin Nguru, babana har yanzu yana shiga ruwa, kuma kullum maganarsa ɗaya ce, wai da can su bargi da yauni da giwan ruwa ba abin mamaki bane a jirginsu, amma yanzu in ka duba abin da ake fitowa da shi tarwada ce da gaiwa sai ƙananan karfasa da basu kai tafin hannu ba. Kowa ka tambaya sai yace kachala ce. Toh ni abin da ya ɗaure min kai, kachala ciyawa ce ai ba cin kifi take ba, ta yaya zata ƙarar da shi? Akwai wani bincike na kimiyya da aka yi akan wannan fadamar tamu?

Abu_Safiyya:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. An yi bincike sosai, tun 1987 aka fara wani shiri na kula da dausayin Hadejia da Nguru kuma masana sun yi shekaru suna auna ruwa da faɗin ambaliya har ta jirgin sama. A fahimtata kachala ta zo ne daga baya, asalin matsalar daga lokacin zuwan ruwa take.

Kifin fadama rayuwarsa a ɗaure take da cikowa. In damina ta kankama kogi ya tumbatsa ya haura cikin ciyayi da gonaki, a lokacin ne kifi ke bin sabon ruwa yana zuba ƙwai, 'ya'yan su samu abinci da maɓoya a ruwa marar zurfi su girma, sannan in ruwa ya fara janyewa su koma kogi da tafkuna, nan masunta suke samun rabonsu. Shi yasa masu binciken kifin kogunan Afirka suka daɗe da gano cewa shekarar da ambaliya tayi faɗi, kamun da zai biyo baya yakan yi auki, in kuma ta tsuke kifi ma ya tsuke.

To an gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, dukkansu a saman kogin Hadejia suke, ga farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980. Fadamar da ruwa kan mamaye sama da murabba'in kilomita 2,000 a da, shekaru da yawa daga baya ko rabin haka bata samu. Abu na biyu wanda mutane basu cika lura da shi ba, da can kogin Hadejia yakan ƙafe da rani, ƙasa ta tsage, amma da dam ya zo sai ya zama ana sakin ruwa kaɗan kaɗan duk shekara saboda noman rani da ruwan sha. Ruwa marar zurfi wanda baya ƙafewa kuwa shi ne abin da kachala take so a duniya. Sai ta kafu ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwan ya karkata ya taru a wajen mashigar ruwa ta Marma da tafkin Nguru yana cin gonaki, wasu rassan kogin kuma suka koma busassu. In ba don kogin Jama'are da ba a datse ba, da abin da zai isa Gashua sai dai a ce innalillahi.

Batun tarwada da gaiwa kuma ba haɗuwa bace kawai. Cikin kachala mai duhu ganye yana ruɓewa yana cinye iskar oksijin ɗin ruwan, su kuma waɗannan biyun suna iya leƙowa sama su shaƙi iska, gaiwa ma huhu gare ta. Kifi irin giwan ruwa da yake son fili da ruwa mai iska ba zai zauna a wajen ba.

Baba_Gogaram:
Malam Abu ka yi bayani Allah ya ƙara ilimi, amma kada mu ɗora wa dam komai mu wanke kanmu. Ni na ga lokacin da sarkin ruwa in yace an rufe tafki kaza sai bayan wata kaza to an rufe, ba mai saka ko ƙugiya. Yanzu fa? Yara suna jan gidan sauro a bakin ruwa suna kwashe 'ya'yan kifi kamar ƙwayar gero, ga dumba ana jera gurar Mali daga wannan gaɓa zuwa waccan a tare hanya gaba ɗaya, kifin da ya taho zuba ƙwai ta ina zai wuce. Ko an sako ruwa yadda ake so in ba a bar ƙanana sun girma ba haka zamu ci gaba da kuka.

Maman_Ummi:
Baba gaskiya ka faɗa wallahi. Ni banda nake yi a Gashua kuma a hannuna nake ganin abin. Da tarwada ɗaya zaka lanƙwasa ta ka soke wutsiya a baki ta cika hannu, yanzu sai ka jera fin goma kafin su rufe gindin kwali, kuma ƙaramin kifi in ya sha wuta ba abin da yake saura sai ƙaya da kai, ga itace yayi tsada. Masu saye daga kudu suna taɓawa su ajiye. Amma su ma masu gidan sauron yunwa ce take kai su, mutum gonarsa kachala ta cinye, 'yar shinkafar da ya samu ya shuka tsuntsayen jan baki da suke kwana cikin kachalar su sauko su cinye, me zai kai gida?

Abu_Safiyya:
Baba ban musa ba ko kaɗan, abubuwan biyu tare suke tafiya, in fili ya ragu masunta suka ƙaru dole idon raga ya ƙara tsukewa. Maman Ummi kema haka ne.

Dan_Marma in zaku yi gayyar yanka ku kula da abu ɗaya, ƙonawa da yankan sama basa kashe ta, ƙara mata ƙarfi ma suke. Ta ganye da kara take tura iska zuwa saiwarta da ke cikin laka, saboda haka a ƙarƙashin ruwa ake yanke ta yadda ruwa zai rufe kututturen ya shaƙe saiwar, kuma sai an maimaita in ta sake tohowa. Mutanen kogin Senegal irin wannan bala'in suka shiga bayan dam ɗin Diama na 1986, har sun kai ga yin gawayi da ita a Senegal da Muritaniya. Nan gida ma masana daga jami'ar tarayya ta Gashua da ta Ahmadu Bello sun gwada sarrafa ta ta zama abincin dabbobi da gas ɗin girki. Amma duk yankan da za a yi in ba a daidaita sakin ruwa ba, a sake shi da yawa da damina a bar fadama ta sha rana da rani, iska zata sake kawo irinta ta tsiro.

Dan_Marma:
Na gode ƙwarai Malam, Baba da Maman Ummi Allah ya saka. Zan karanta wa babana wannan da daddare. Malam yankan ƙarƙashin ruwan wane wata yafi dacewa a yi shi, kafin ta fitar da kai ko bayan? Muna so mu fara da mashigar da jiragenmu suke bi, don yanzu sai an sauka an tura jirgi da hannu kafin a fita fili.