Mai barin hodar iblis na watanni sannan ya koma: ta kama shi ke nan?

Uwargida, Jidda:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya daɗe yana shaƙar hodar iblis, amma ba kullum ba. Yakan bar ta watanni, azumi ma yakan wuce bai taɓa ta ba, sai albashi ya shigo hannunsa ya ɓace, ya dawo a rame yana ta barci da faɗa. Mahaifiyarmu ta ce da ta kama shi da bai iya barinta ko na mako ba, don haka ganganci ne. Masana, mene ne gaskiyar lamarin?

Ma'aikacin jinya, Makka:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika bayyana shi ne ainihin yadda hodar take kama mutum. Tana sa dofamin, sinadarin da ke kawo jin daɗi, ya taru a ƙwaƙwalwa, mutum ya ji nishaɗi da kuzari, amma ga mai shaƙa hakan ba ya wuce minti 15 zuwa 30, shi ya sa yake maimaitawa har kuɗi ko ƙarfi ya ƙare, daga nan sai kasala da baƙin ciki. Barinta ba ya kawo amai da ciwon gaɓɓai irin na mai barin tiramadol, saboda haka iyali sukan ɗauka ya warke, alhali sha'awar tana nan kwance, kuma ganin tsohon aboki ko riyal a hannu ya isa ya tashe ta. Abin da ya fi tsorata ni shi ne bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda takan jawo ko ga matashi. Shaƙar shekaru kuma takan huda bangon da ya raba ƙofofin hanci.

Baba Alhaji, Madina:
'Yata, kada tsoron hukuma ya sa ku ɓoye shi. Safara ce hukuncinta yake kaiwa ga kisa a ƙasar nan, amma doka ta tanadi cewa ba a gurfanar da mai shan da ya kai kansa neman magani, ko danginsa suka kai shi, muddin ya miƙa abin da ke hannunsa. Ku kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ku nemi bayani kan asibitin Irada na masu fama da shaye-shaye, wanda a da ake kira Amal.

Ma'aikacin jinya, Makka:
Ƙari a kan maganar Baba, har yanzu babu ƙwayar da aka amince tana raba mutum da hodar. Maganin zaman shawara ne na dogon lokaci da likitan ƙwaƙwalwa, kuma zai taimaka ƙwarai idan ya yarda wani amintacce ya riƙa riƙe masa albashi.