Me za mu kira "thread-safe" da Hausa?

'Yan uwa masu koyar da rubuta manhaja a Kaduna, ku zo mu tsaida magana kan kalma ɗaya. "Thread" dai, wato layin aiki ɗaya cikin waɗanda manhaja ke gudanarwa a lokaci guda, mun saba ce masa zare, ya zauna. Inda ake tuntuɓe shi ne "thread-safe", wato abin da zaruruwa da yawa za su yi amfani da shi tare ba tare da ya rikice ba; muna so ne mu sa wa lambar layi mai wannan siffa suna. Na ji wasu na cewa "zare mai tsaro", kuma ban gamsu ba. A garin nan in ka ce tsaro, hankalin ɗalibi kan ɓarayi da masu kutse yake tafiya, alhali babu ɓarawo a maganar. Kuma ba zaren ake karewa ba, lambar da zaruruwa ke rububi a kanta ce.

Ku ɗauka 'yan kamasho biyu ne a tashar Kawo suke raba wa direbobi lambar lodi daga littafi ɗaya. Kowanne ya leƙa ya ga 7, kowanne ya ba direbansa 8. To haka i++ (umarnin ƙara ɗaya a kan lamba) yake, aiki uku ne: karantawa, ƙarawa, rubutawa. Zare na biyu na iya faɗowa a tsakani, lamba ɗaya ta fita sau biyu. Karo ke nan. Shi ya sa na zaɓi "marar karo".

Sauran sunan ba wuya: lambar layi mai zagayowa, irin ta RTP (ƙa'idar aika sauti da bidiyo ta intanet) da ke kaiwa 65,535 ta koma sifili.

Amma zagayen ma a kula. A Java, wanda ya yi getAndIncrement (karanta ka ƙara ɗaya a taku ɗaya) da AtomicInteger (ma'ajin lamba marar karo) sannan ya raba ya ɗauki saura don lambar ta zagayo, ya tsira daga karo, sai dai ran da lambar ta wuce 2,147,483,647 za ta faɗa ƙasa da sifili, sauran ma ya bi ta. Gara ƙarawa da komawa farko su zama taku ɗaya cikin getAndUpdate (karanta ka sauya lambar yadda ka tsara), wanda Java 8 ta kawo a 2014.

Wani malaminmu ya kawo "mai kulle". Allah ya gafarta malam, kulle hanya ɗaya ce kawai. AtomicInteger ba ya kulle komai: yana duba ko lambar ta canja, in ta canja ya sake gwadawa. In muka ce mai kulle, ɗalibi zai zaci synchronized, kalmar da Java ke kulle da ita, ce kaɗai maganin.

Don haka ni "lambar layi mai zagayowa marar karo" zan riƙa rubutawa a allo. Wanda ke da wadda ta fi ta gajarta, ya kawo mu gwada ta a aji.